Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar NASRDA daga wani malamin ƙauye a Jigawa

Assalamu alaikum ranku ya daɗe, shugaban hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa NASRDA, da injiniyoyinku na Abuja da na Epe da na Jos. Da fatan kuna lafiya, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya taimaka.

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye a ƙasar Hadejia, shekarata goma sha ɗaya kenan ina riƙe da alli, kuma abinda yasa na ɗauki waya nake rubuta muku wannan doguwar wasiƙa tambaya ce da wata ɗalibata 'yar aji uku tai min wadda har yau ta ƙi barin zuciyata. Lokacin bazara ne, kun san mu nan in zafi ya tsananta kowa tabarmarsa yake fitarwa tsakar gida ya kwana, ba wutar lantarki ballantana haskenta ya dusashe taurari, sama tar take kamar an watsa gero. Toh ita yarinyar nan sai ta lura da wani ɗan haske yana tafiya a hankali tsakanin taurari bayan sallar isha, baya ƙyaftawa kamar na jirgi, ba ƙara, ya miƙe ɗoɗar har ya ɓace. Da safe tazo ta tambaye ni, nace mata tauraron ɗan adam ne, hasken rana ne yake dukansa shi yasa kika ganshi. Tace malam mu ma muna da namu? Nace muna da su. Tace wa ya kai mana su can? Nace Rasha da Chaina ne suka ɗora mana a rokokinsu muka biya su. Tai shiru, can tace toh malam mu me ya hana mu yin rokar?

Wallahi ranku ya daɗe a tsaye nake da alli a hannu amma sai da na nemi guri na zauna. Dan amsar da ta fara zuwa bakina ita ce irin wadda muka saba ba yara, wai wannan aikin turawa ne, kuma na san in na faɗa mata haka na rufe mata ƙofa kenan har abada. Sai nace ta bari zuwa sati mai zuwa.

A wannan satin na koma na karanta tarihin roka tun daga tushe a 'yar wayata, ina hawa kan tudun bayan makaranta saboda nan ne kaɗai sabis yake kamawa sosai, kuma abinda na tarar shi ne ya bani ƙarfin gwiwar rubuto muku. Ashe abin nan ba a manyan ɗakunan bincike masu sanyin AC ya fara ba. Mutanen Chaina ne suka fara ɗura albarushi a bututu su ɗaura a jikin kibiya, har an rubuta cewa sun yi amfani da ita a yaƙi da Mongol a 1232, albarushin nan dai irin wanda maharbanmu suke ɗurawa a bindigar toka. Sarkin Mysore na Indiya, Tipu Sultan, musulmi, shi ya shahara da rokoki masu bututun ƙarfe da ya gasa wa sojan Ingila aya a hannu da su a ƙarshen ƙarni na 18, har turawan suka kwashi samfurinsu suka kai gida suka kwaikwaya. Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Konstantin Tsiolkovsky, malamin makaranta ne kamar ni a garin Kaluga na Rasha, kunnensa baya ji sosai tun yana yaro saboda wata zazzaɓi da tai masa, yawancin karatunsa shi ya koya wa kansa, kuma shi ne a 1903 ya fitar da lissafin da har gobe duk mai ƙera roka sai ya bi ta kansa. Malamin makaranta fa, da alli da takarda.

Sai Robert Goddard a Amurka. A 1920 jaridar New York Times tai masa ba'a cewa bai ma san abinda ake koya wa 'yan sakandare ba, wai roka ba za ta iya tafiya inda babu iska ba tunda ba abinda za ta tokara. Bai fasa ba. Ranar 16 ga Maris 1926 ya je gonar wata 'yar uwarsa ya harba roka ta farko a duniya mai aiki da mai na ruwa, fetur da iskar oksijin da aka sanyaya ta zama ruwa. Kun fi ni sanin yadda ta kasance, sakan biyu da rabi kacal tai a sama, ta tashi kamar mita 12, bata fi tsayin wata kukar ba, ta faɗo cikin gona. Daga wannan sakan biyu da rabin zuwa ranar da mutum ya taka wata a Yulin 1969 shekara 43 ce kawai, kuma a wannan watan ne jaridar ta fito ta janye maganarta, lokacin shi Goddard ya daɗe da mutuwa.

Da satin ya zagayo sai na haɗa yaran a filin makaranta. Bamu da ɗakin gwaje-gwaje, wanda aka gina mana rufinsa iska ta yaye shekaru da suka wuce, awaki ne suke kwana a ciki. Na samo robar lemo babba, na je gurin mai facin garinmu ya yanko min bawul daga tsohon tif ɗin keke muka soka shi a toshiyar roba, ya kuma ara mana famfonsa, yara suka yanka kwali sukai mata fukafukai muka liƙa da salatif. Muka zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku muka kifa ta a kan bulo biyu. Ta farko bata tashi ba, toshiyar ta saki da wuri ruwan ya wanke wanda yake buga famfon. Ta biyu ta tashi a karkace ta nufi gonar masara ta maƙwabta. Yarinyar nan ce ta ɗauko robar ta jujjuya ta tace malam fiffike ɗaya ya fi sauran girma kuma kan ba nauyi, sai ta ƙwaɓa 'yar laka ta manna a saman. Ta uku wallahi sai da ta wuce saman darbejiyar da muke taron safe a ƙarƙashinta, yara suna ihu suna kabbara, har matan da suke sussuka a can gefe suka ajiye taɓare suna kallo. Abinda yarinyar nan tai, ta duba me ya lalace ta gyara ta sake gwadawa, ai shi ne aikin da ake biyan injiniya ya yi.

A nan na samu damar yi musu bayanin abinda jaridar can ta kasa ganewa. Yaranmu 'yan bakin kogi ne, kowa ya san in ka daka tsalle daga kwale-kwale zuwa gaɓa kwale-kwalen baya yake yi, kuma kowa ya ga yadda bindigar toka take dukan kafaɗar maharbi. Roka haka take, abinda ke cikinta take watsarwa baya da ƙarfi ita kuma tai gaba, bata buƙatar ta tokari komai. Na kuma faɗa musu cewa wahalar ba a nisa take ba, dan inda ake cewa sararin samaniya ya fara kilomita 100 ne kawai daga ƙasa, bai kai nisan Hadejia zuwa Kano ba. Wahalar a gudu take. Kafin abu ya zauna a falaki yana zagaya duniya bai faɗo ba sai yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya, wato kusan kilomita 8 duk sakan ɗaya, kamar dutsen majajjawa ne da aka wurga da ƙarfin da yana faɗowa ƙasar tana lanƙwashewa tana guje masa. Kuma samun wannan gudun sai da mai, shi kuma man nauyi gare shi, sai ka ƙara wani man dan ɗaukar man. Nace musu ku ɗauka jaki ne zai yi tafiyar da ba ciyawa a hanya dole ya ɗauki harawarsa, duk yadda tafiyar ta ƙara nisa harawar ƙaruwa take har ta kai kayan da za ka ɗora masa na sayarwa bai fi ƙunshi ɗaya ba. Shi yasa kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin roka mai ne, shi yasa kuma ake yinta hawa-hawa, wanda mansa ya ƙare a yar da shi a rage kaya. Saturn V da ta kai mutane wata tsayinta mita 110 ne, nauyinta ya doshi tan 3,000, amma ɗan ɗakin da ya dawo da mutum ukun bai kai tan 6 ba. Ga oksijin ɗin sai an ajiye shi a sanyin digiri 183 ƙasa da sifili, ɗan nesa kaɗan da shi kuma wuta tana ci a zafin da ya haura digiri 3,000 wanda zai narka ƙarfen injin ɗin kansa in ba a san dabarar sanyaya shi ba.

Ban ɓoye musu munin tarihin ba kuma. Rokar farko da ta leƙa sararin samaniya V-2 ce ta Jamus a 1944, makamin kashe mutane ce, fursunoni aka tilasta suka ƙera ta a ramukan ƙarƙashin ƙasa, waɗanda suka mutu gurin ƙera ta sun fi waɗanda ta kashe da aka harba ta yawa. Sergei Korolev na Rasha da ya jagoranci harba Sputnik, tauraron ɗan adam na farko a duniya, ranar 4 ga Oktoba 1957 sai da gwamnatinsa ta ɗaure shi ta tura shi sansanin gwale-gwale kafin ta gane tana buƙatarsa. Amurka da tazo ramawa a Disambar wannan shekarar rokarta Vanguard ko mita biyu bata tashi ba ta fashe duniya tana kallo. An yi asarar rayuka, mutum uku sun ƙone a Apollo 1 a Janairun 1967 tun suna ƙasa suna gwaji, Komarov na Rasha lemarsa ta ƙi buɗewa a wannan shekarar. Wanda ya fi taɓa ni shi ne kumbon Challenger na Amurka, 28 ga Janairu 1986, sakan 73 da tashi ya tarwatse da mutum bakwai ciki har da malamar makaranta, kuma abinda ya jawo wata robar zobe ce da ke toshe mahaɗar bututu, sanyin safiyar ranar ya sa ta ƙage ta kasa riƙe wuta. Duk manomin rani a fadamarmu da ya taɓa fama da injin ban ruwa da robarsa ta bushe yana zuƙar iska maimakon ruwa ya san yadda ƙaramin abu irin wannan yake tsayar da aiki gaba ɗaya. Kuma akwai injiniyoyin da suka yi gargaɗi tun daren ranar cewa kar a harba cikin wannan sanyin, manya suka ƙi ji. Wannan darasin naku ne ranku ya daɗe, in ƙaramin ma'aikaci yace akwai matsala dan Allah a saurare shi.

Amma kun san me ya fi faranta wa yaran rai? Yuri Gagarin, mutum na farko da ya zagaya duniya ranar 12 ga Afrilu 1961 cikin minti 108, ɗan ƙauye ne, babansa kafinta, babarsa mai tatsar shanu a gonar gwamnati, kuma da ya sauko da lema a gona ya dira, wata tsohuwa da jikarta ne suka fara ganinsa. Sai kuma labarin da ni kaina ban sani ba sai da na girma, kuma ina ganin abin kunya ne ace ba a koya mana shi a makaranta ba: a farkon shekarun 1960 hukumar NASA tana da tashar bin sawun kumbo a nan Kano. Lokacin da John Glenn ya zagaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962, Kano tana cikin tashoshin da sukai magana da shi yana wucewa ta samanmu. A watan Agustan 1963 kuma Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa sukai waya da shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2, karo na farko kenan da shugabannin ƙasashe biyu suka yi magana ta tauraron ɗan adam. Da na faɗa wa wani dattijo a majalisarmu, wanda kullum yake cewa zuwa wata ƙaryar turawa ce, sai ya daɗe yana jinjina kai yace ashe da mu akai. Da mu akai baba, tun ranar farko.

Indiya a wannan shekarar ta 1963 ta harba rokarta ta farko daga wani ƙauyen masunta da ake kira Thumba, wani tsohon coci ne ofishinsu, a kan keke suke ɗaukar sassan roka, rokar ma ba tasu ba ce Amurka ce ta basu. A 1979 suka gwada tasu ta kai tauraro falaki ta faɗa teku, a 1980 suka sake ta yi. A 2014 kumbonsu ya isa duniyar Mars, a Agustan 2023 suka sauka kusa da kudancin wata. Talaucinsu a wancan lokacin bai fi namu sauƙi ba, abinda suka riƙe shi ne basu daina ba kuma basu ji kunyar faɗuwa a gaban mutanensu ba. Haka kamfanin SpaceX, rokarsu Falcon 1 sau uku tana lalacewa daga 2006 zuwa 2008 sai a ta huɗu ta kai, yau ga shi rokokinsu suna dawowa su tsaya da ƙafarsu a sake amfani da su.

Ni bana cikin masu cewa baku yi komai ba, na san tarihinku. An kafa ku a 1999, a Satumbar 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk a Rasha, kuma hotunansa sun yi amfani har a Amurka lokacin guguwar Katrina a 2005. NigComSat-1 da aka harba daga Chaina a 2007 ya mutu a Nuwambar 2008 saboda matsalar faifan solarsa, mutane sukai ta surutu a rediyo, amma ni yanzu da na karanta tarihin wasu na gane ba ƙasar da bata ɗanɗana irin wannan ba, kuma an maye gurbinsa a Disambar 2011. A Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, kuma shi X ɗin injiniyoyinmu 'yan Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila. A 2017 jami'ar fasaha ta Akure ta shiga wani shiri da Japan aka harba ɗan ƙaramin tauraro na ɗalibai. Kuna da cibiyar binciken roka a Epe. Allah ma ya bamu guri mai kyau, muna kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa, inda juyawar ƙasa take ƙara wa roka gudu kyauta, dalilin da yasa turawan Yurof suke tafiya har Kourou a Kudancin Amurka su harba nasu kenan, Italiya ma a gaɓar tekun Kenya ta riƙa harba nata a da. Toh amma NigeriaSat-2 na shekara bakwai aka tsara shi, lissafi ya nuna wa'adinsa ya daɗe da wucewa, muna so mu ji ina aka kwana a maganar magajinsa.

Na san akwai masu cewa ana fama da abinci da tsaro wa yake ta roka, a majalisarmu ma an faɗa min haka ba sau ɗaya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Amsata ita ce damunar 2022. Ruwa ya ci Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa da yankin Hadejia, shinkafarmu tana dab da nuna ta nutse, ajin da nake koyarwa ya koma masaukin iyalai da gidajensu na ƙasa suka rushe, na ga magidanci yana tsamo buhun gero da ya riga ya tsiro a cikin ruwa yana hawaye. Ruwan nan ba daga sama kawai ya faɗo mana dare ɗaya ba, ta kogi ya biyo daga wajen Tiga da Challawa, ya tarar ciyawar kacalla ta toshe masa hanya ya fantsama cikin gari. Duk wannan ido daga sama yana iya ganinsa, inda ruwa ya taru da inda kacalla ta cushe da inda hamada take cin gonaki a arewacinmu wajen Maigatari. Saboda haka ni a gurina tauraron ɗan adam kayan noma ne kamar garma, kuma ƙasar da sai ta jira wani ya ɗora mata nata a rokarsa a lokacin da ya ga dama da farashin da ya yanka, aron garma take yi a tsakiyar damuna.

Toh ga roƙona, kuma ba kuɗi nake nema ba. Ku fito da aikinku fili da harshen da muke ji. In kun gwada roka a Epe ku ɗauki bidiyo ku saka a Facebook da bayani da Hausa, wadda ta tashi da wadda ta fashe duka, ku faɗi me ya lalace da yadda za ku gyara, wallahi yaranmu za su fi koyo daga wadda ta fashe ɗin. Ku riƙa shiga gidajen rediyon Kano da Dutse dan har yanzu rediyo ce take isa inda data bata isa, manomi ya ji da kunnensa abinda hotunanku suka nuna game da kogi kafin ruwa yazo. Ku haɗa kai da jami'o'in da ke kusa da mu, Bayero da ta Wudil da ta Dutse da ta Kafin Hausa, a shirya gasar rokar ruwa tsakanin makarantun ƙauye, kayan aikinta robar lemo ce da famfon keke, wanda yai nasara a kai shi Abuja ya ga ɗakin da ake karɓar saƙon tauraro da idonsa. Kuma in za a zaɓi yaran dan Allah kar a tsaya a makarantun kuɗi na cikin birni, a shigo ciki, a saka 'yan mata.

Ita yarinyar da ta jawo duk wannan maganar bana za ta gama aji uku, kuma a garinmu ba babbar sakandare ta mata, sai an yi tafiya, babanta mutumin kirki ne amma yana ta lissafin kuɗin mota da na makaranta, na je mun zauna sau biyu a zaurensa. Na tabbata da ace wani injiniya daga cikinku, musamman mace in da hali, zai tako garin nan ya tsaya a gaban iyaye yace wannan karatun yana da inda yake kaiwa ga ni nan shaida, maganarsa za ta fi tawa nauyi sau goma. Hanyarmu tana da kyau daga an gama girbi zuwa ƙarshen rani, mota tana shigowa har ƙofar makaranta. Robar tana nan a ofis na ajiye ta da lakarta a kai, yara kuma sun riga sun fara haɗa wata mai hawa biyu, har yanzu dai ta sama ta ƙi rabuwa da ta ƙasa, muna neman wanda zai nuna mana yadda ake yi.

Wassalam, naku
Malamin kimiyya daga ƙasar Hadejia, jihar Jigawa